Katin da Zai Ɗauki Gwiwata

Mansur, Makka

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka riga ka sauka Dammam lafiya, ka shiga ɗakin da kamfani ya ce zai ba ka, ka ci abinci ka huta. Allah Ya tsare min kai a hanya da masauki, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa. Babanka yana gaishe ka, haka yayarka Zainab da yaranta.

Na san karatun Hausa yana ba ka wahala, Larabci ya fi zama a bakinka da idonka. Ka yi haƙuri ka bi ta sannu a hankali. Ni da Hausa nake tunani, kuma ɗan bokon da na yi a Kano kafin aure ya kawo ni ƙasar nan shi ne iyakar alƙalamina. Na zaɓi rubutu ne saboda duk lokacin da muka zauna kan maganar aikin gwiwata, sai ta ƙare ina faɗa kai kuma kana kallon ƙasa. A takarda ba ni da halin ɗaga murya.

Ka tafi da rabin zuciya, na gani a fuskarka. Kana ganin ka bar ni da tiyata a gaba, kuma ba ka gamsu da inshorar lafiyar da na zaɓa ba, wadda ku kuke ce wa ta'amin. To bari in ba ka labarin yadda aka yi tun daga tushe, har da wuraren da na yi wauta, don ka san ba taurin kai ne ya sa na ƙi taka shawarar ba, ka kuma tsinci abin da zai amfane ka can inda ba na kusa.

Ciwon nan ba jiya ya fara ba. Tun kana makarantar sakandare nake jin sa. Ka san aikinmu a kicin ɗin kamfani a unguwar Kudai, tsayuwa ce tun daga safe, ana tsince shinkafa, ana zuba abincin alhazai a mazubi, ana rufewa, ana jerawa. In lokacin Hajji ya zo aka kwashe mu zuwa Arfa kuwa, mutum ba ya tuna yana da ƙafa sai ya zo cire takalmi. Da gwiwar ta fara kumbura, sai na riƙa shafa man zafi in ɗaure ta da ƙyalle a ƙarƙashin abaya. Ban gaya wa Babanka ba, ban gaya wa shugabar sashenmu ba. Tsoro nake ji kada a ce na tsufa, a mayar da ni gefe, ko a sallame ni kuna tsakiyar karatu. Duk tsawon shekarun nan katin inshorar kamfani yana cikin jakata, a aljihu ɗaya da makullin gida. Ban taɓa kai shi gaban likitan ƙashi ba.

Da na je a ƙarshe, likitan ya daɗe yana duban hoton gwiwar a jikin allo. Sai ya juyo ya ce, "Hajiya, ina kika shiga tuntuni? Da kin zo da wuri, da gashin ƙashi da allura sun riƙe miki ita shekaru. Yanzu ƙashi ne yake gugar ƙashi. Sai dai a sauya ta, a sa miki ta ƙarfe."

Na ce, "Likita, aiki ne ya hana ni."

Ya ce, "Ai aikin ne ya ba ki katin zuwa wurina."

Gaskiya ya faɗa. Don haka Auta, ka ji ni da kyau. Kai ma yanzu za su ba ka kati a wurin aiki. In jikinka ya yi maka magana, ka saurare shi tun yana raɗa. Kada ka ce sai an gama wannan aiki, sai an wuce wancan wata. Kamfani ba zai rufe don ka je asibiti wuni ɗaya ba. Ni na ɗauka ɓoye ciwo jarumta ce, ashe tara wa kaina da ku wahala nake yi.

Ranar da na yi ritaya, bayan aikin Hajjin da ya wuce, abokan aiki suka haɗa min 'yar walima, aka ci aka sha, aka yi kuka. Zan fita sai ma'aikacin ofis ya biyo ni da wata ambulan ya ce da Larabci, "Khala," wato Inna, "wannan ki kai wa yaranki su karanta miki, tana da muhimmanci." Na karɓa na yi godiya. A raina na ce takardar yabo ce irin wadda ake ba kowa. Da na dawo gida na tura ta ƙarƙashin zannuwana a kabad, na manta da ita. Ga ka a gida, ga Zainab tana zuwa kowace Juma'a, dukanku kuna karanta Larabci kamar shan ruwa, amma ban nuna wa ko ɗayanku ba. Wani ɓangare mantuwa ce, wani ɓangaren kuma ba na son in riƙa miƙa wa 'ya'yana takarda kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

Sai ranar da na koma asibiti don a sa min lokacin aiki. Na miƙa katina ga yarinyar da ke karɓar mutane, ta danna na'urarta, ta sake dannawa, sannan ta rage murya ta ce, "Khala, wannan katin ya mutu tun ranar da kika bar aiki." Akwai mutane a bayana a layi. Na karɓi katin na mayar jaka kamar dama na san da haka, na fito na zauna a kan bencin waje. Ni a tunanina, tunda na yi wa kamfani aiki har ƙarfina ya ƙare, katin zai bi ni har kabari.

Da na gaya wa Babanka, tambaya ɗaya ya yi min: "Ba su ba ki wata takarda ba da za ki tafi?" Nan na tuna. Zainab ce ta karanta mana ita. Ashe kamfani yana ba waɗanda suka yi ritaya damar ci gaba da zama cikin inshorar ma'aikata, sai dai mutum shi zai riƙa biya daga aljihunsa duk shekara, kuma sai ya amsa kafin wani wa'adi. Lokacin da muka buɗe ta, 'yan makonni suka rage wa'adin ya cika. Da Babanka bai yi tambayar nan ba, da ƙofar ta rufe ina zaune a kanta.

Duk takardar da aka miƙo maka a wurin aiki, ka karanta ta a ranar, ko da ka gaji, ko da kana ganin ka san abin da ke ciki. Inda ba ka gane ba ka tambaya, ko wanda za ka tambaya ƙaninka ne a shekaru. Kunyar tambaya ta minti kaɗan ce. Wadda na ji a gaban yarinyar nan har yau ba ta sake ni ba.

Kada ka ce me ya hana ni asibitin gwamnati. Na je, sun karɓe ni da mutunci, sun sa sunana a layi. Amma masu jira suna da yawa, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka fi ni buƙata. Likita kuma ya riga ya faɗa min cewa in na daɗe ina jingina nauyina a kan ɗaya ƙafar, ita ma za ta bi sahu, ƙugu ya biyo baya. Shi ya sa maganar kati ta zama dole.

Kuɗin ci gaba da katin kamfani kuwa, da Zainab ta faɗe shi sai da na dafe ƙirji. Ina cikin wannan juyayi sai Hajiya Lami ta shigo. Ka san ta, ƙawata 'yar Maraɗi da muka yi aiki a teburi ɗaya shekara da shekaru, wadda take kawo maka kilishi in ta je gida. Ta riga ni yin ritaya. Ta ce, "Ke Balaraba, me zai sa ki zubar da kuɗin sallamarki a kan kati? Ni wanda nake da shi bai kai rabin wannan ba, kuma ba abin da na nema na rasa. Ɗan ƙanina Habibu ne yake harkar. Bari in turo miki shi."

Habibu ya zo bayan la'asar, ranar kana wurin ganawar neman aikin nan. Yaro mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo wa jikokina alewa. Ya baje takardu masu sheƙi a kan darduma, ya nuna min hotunan asibitoci, ya faɗi kuɗin. Gaskiya kuɗin ya yi min daɗi a kunne. Ga shi kuma ɗan gidan Lami ne, ya sha shayina, yana ce min Umma. Kafin ya tashi na ce masa, "Shi ke nan Habibu, na ba ka baki. Ka kawo takardar sa hannu jibi."

Yana tattara kayansa sai ya ce, "Umma, akwai wurin da za a tambaye ki ko kina da tsohon ciwo. Mutane da yawa a'a suke cewa, don kada kuɗin ya hau."

Na ce, "To, za mu gani."

Ka ji abin da uwarka ta ce. Ban ce masa a'a ba. Na yi ta lallashin kaina cewa ai ciwon gwiwa ba ciwo ba ne, gajiya ce ta tsufa, kowa yana da ita. Ni da nake dukan hannunku kuna yara in kun ce ba ku ne kuka sha madarar ba. Ba zan ɗora wa Habibu laifi ba, abin da ya ga ana yi ya faɗa. Ni ce babba, ni ya kamata in tsawatar.

Babanka ya dawo daga masallaci na ba shi labari ina murna, na ce na sama mana sauƙi. Ka san halinsa. Shekarun da ya yi yana tuƙa bas ɗin alhazai sun koya masa kada ya taka mota sai ya leƙa madubi ta ko'ina. Ya zauna ya cire hularsa ya ce, "Kin tambaye shi gwiwa?"

Na ce, "Malam, inshorar lafiya ce fa. Gwiwa ba cikin lafiya take ba?"

Ya ce, "Kin tambaye shi, ko ba ki tambaye shi ba?"

Na ce, "Ban tambaye shi ba."

Ya ce, "Gobe mu je asibitin da za a yi aikin. Mai sayar da kati zai gaya miki abin da katin yake yi. Wanda ake miƙa wa katin shi zai gaya miki abin da ba ya yi."

Na ji haushi a ranar, don na riga na ba da baki ban shawarce shi ba, kuma ya gane hakan bai ce komai a kai ba. Shirunsa ya fi faɗa ciwo. In Allah Ya kai ka ga aure, Auta, kada ka yanke magana babba a waje sannan ka shigo gida da ita a matsayin labari. Wanda zai yi jinyarka in abu ya lalace, yana da haƙƙin a ji bakinsa tun abin bai ƙullu ba.

Da safe muka hau tasi muka je. A asibitin akwai wani ƙaramin ofis da ke neman amincewar kamfanonin inshora kafin a yi wa mutum aiki, muwafaƙa suke ce mata. Wata mata ce a ciki, mai gilashi, ba ta da yawan fara'a amma ba ta gaggauta mu ba. Babanka ya ajiye takardar Habibu a dama, ta kamfanina a hagu, ya ce, "'Yata, ba mu zo tambayar wanne ya fi kyau ba. Matata za a sauya wa gwiwa, a asibitin nan, a hannun likitan da ya duba ta, cikin watannin nan. Wanne ne a cikin biyun zai ɗauka?"

Ta ɗauki ta Habibu ta juya bayanta, inda rubutu yake ƙanana kamar tururuwa. Ta ce wannan katin ba ya taɓa ciwon da mutum ya shigo da shi sai ya shekara yana biya. Ta ce ko bayan shekarar, asibitin nan ba ya cikin jerin asibitocinsu na tiyata, sai dai mu tafi Jidda. Kuma akwai iyakar abin da suke biya a kan ƙarfen da za a sa, ragowar mu za mu cika, ragowar kuwa ba kaɗan ba ce. Gashin ƙashi bayan aiki, zama kaɗan suka yarda da shi, alhali likita ya ce rabin warkewar a gashin take.

Sai na ji bakina yana cewa, "To in mutum bai faɗi cewa yana da ciwon ba fa?"

Babanka ya juyo ya dube ni. Matar ta cire gilashinta ta ce, "Khala, hoton gwiwarki yana cikin na'ura da ranar da aka ɗauke shi. Ranar da muka nemi muwafaƙa za su gani. Za su ƙi biya, su soke katin, kuɗin da kika zuba ya tafi. Na ga waɗanda aka mayar gida an riga an sa musu rigar tiyata."

A cikin tasi muna dawowa, da muka kusa unguwarmu Mansur, Babanka ya dube ni. Sannan ya ce, "Balaraba, ko da ba za su gani ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na yi istigfari har muka iso gida.

Ka riƙe wannan. Za a miƙo maka takardu da yawa a rayuwa masu tambayar abin da ba wanda ya sani sai kai, kuma za a sami mai ce maka kowa ma haka yake yi. Ka rubuta gaskiya ko za ta sa ka biya fiye da na kusa da kai. Ni tsoron a kama ni ne ya fara dawo da ni hanya, kafin maganar Babanka ta tuna min da Wanda ba a ɓoye wa komai. Ina so kai ka fara daga inda na ƙare.

Katin kamfanina kuwa, matar ta ce tunda ci gaba ne ba sabon shiga ba, gwiwar tana ciki, ba jira. Asibitin yana cikin jerinsu, ƙarfen yana ciki, gashin ma haka, har da gadon mai jinya. Akwai ɗan kason da za mu riƙa biya a kowane zuwa, ta faɗa mana shi ba ta ɓoye ba. Babanka ya sa ta rubuta mana duk abin da ta faɗa a bayan takardar, ya ninke ya sa a aljihun gaba.

Saura Lami. Wallahi Auta, zuwa gidanta ya fi min zuwa asibitin nauyi. Na ba ɗanta baki, ya riga ya sa rai da ladan da zai samu, ita kuma don ƙauna ta turo shi. Na yi ta ja da ranar ina ce wa Habibu ya ɗan dakata, har na fara tunanin ko in karɓi na Habibun ma in haɗa biyu don kada a ji kunya. Da na faɗa wa Zainab haka sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Umma, za ki sayi katin da ba zai yi miki komai ba don kada Inna Lami ta ɓata rai?" Da na ji shi a bakin wani sai na ji yadda yake.

Na je na same ta tana yanka kuɓewa. Na zauna na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar jikoki, ina tambayar mutanen Maraɗi. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Ke, faɗi abin da ya kawo ki, tun ɗazu kike murza bakin mayafi."

Na faɗa mata duka. Sai ta ce, "Ni hawan jini ne da ni da sukari. Magani nake karɓa duk wata, a duba ni, in dawo gida. Katin nan ya ishe ni, shi ya sa na yaba miki shi. Ban taɓa tunanin wuƙa ba, don ba a taɓa cewa za a sa min ita ba. Da kin sa hannu don kunyata, aka zo aka mayar da ke gida da gwiwar nan, da wane ido zan dube ki?" Ta ɗauki waya a gabana ta kira Habibu ta ce masa maganar Umma ta tashi, kuma daga yau in zai kai wa tsoho kati ya fara tambayarsa me likita ya ce. Yaron da kansa ya zo washegari ya ba ni haƙuri, har ya ɗauko min tukunyar gas daga ƙasan bene.

Katin Lami ba mugun kati ba ne, nata ne. Abin da ya yi wa abokinka daidai ba lallai ya yi maka ba, ko da abokin yana ƙaunarka kamar ransa. Kuma in ka ba da baki a kan kuskure, ka koma da ƙafarka ka warware tun da wuri. Mutumin kirki zai fahimta. Ni na kusa cutar da kaina saboda tsoron fushin da Lami ba ta ma yi ba.

Yanzu sai taka maganar, wadda ita ce ainihin dalilin wannan takarda.

Ranar da aka kira ka aka ce ka sami aikin, ka shigo da gudu kana cewa kamfaninku yana yarda ma'aikaci ya sa iyayensa a katinsa bayan ya gama watannin gwaji. Ka ce in bar na kamfanina ya wuce, in jira naka, kuɗin sallamata ya zauna. Da na ce a'a, sai ka ce to kai ma ba za ka tafi ba sai an yi aikin, ko da za su ba wani gurbin. A nan ne na daka maka tsawa a gaban yaran Zainab, na ce ba a haife ka don ka yi gadin gwiwata ba. Ka tashi ka bar abincinka. Wannan tsawar kuskure ce, ka yafe min. Alheri ka kawo min, na karɓe shi da hannun hagu. Tsoro ne ya yi magana da bakina, don na ga da gaske kake, za ka iya watsar da abin da ka sha wahalar karatu dominsa.

Ga dalilaina a natse. Wa'adin katin kamfanina zai cika kafin ka gama gwaji. In na sake shi ba ya dawowa. In aka zo sa ni a naka aka ce tsohon ciwo sai an jira, ko aka ce asibitocinsu na can gabas ne, to na saki na hannu ban kama komai ba. Kai da kanka da Babanka ya tambaye ka waɗannan abubuwa ka ce ba ka sani ba tukuna.

Amma akwai dalilin da ya fi wannan, wanda ban iya faɗa maka baki da baki ba. Ba na so lafiyata ta zama igiya a ƙafarka. Sabon wuri za ka, ba ka san halin mutanen ba. In Allah Ya sa na kirki ne, alhamdu lillahi. In kuma ka tarar da shugaban da ke wulaƙanta ka, ko aka nemi ka sa hannu a abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba, ina so ka iya miƙewa ka ce a'a ba tare da ka tuna cewa katin Umma yana rataye a wuyan aikin nan ba. Na san yadda wannan yake. Na haɗiye abubuwa da yawa a Kudai saboda ku, ban kuma yi nadama ba, amma ban yi haka don kai ma ka zo ka haɗiye saboda ni ba. In ka zauna da gindinka, ka ga wurin ya karɓe ka, shekara mai zuwa sai mu sake zama da takardun biyu a gabanmu, mu je mu tambaya kamar yadda muka yi. In naka ya fi, zan shiga da farin ciki, in yi ta yi wa Lami gori cewa ɗana ne yake riƙe da ni.

Kuɗin da na biya, daga na sallamata ne, wanda na ware don zuwa Kano wurin Yaya Hadiza. Wannan ya yi min ciwo, ba zan ɓoye maka ba, don rabona da ita tun kafin a yi wa Zainab aure, kuma ita kaɗai ta rage min a ɗakinmu. Na kira ta ina kame-kame, sai ta ce, "Da ki zo min ana ɗauke da ke kamar buhun gero, gara ki gyara ƙafar ki zo mu zaga dangi tare. Ina nan in Allah Ya yarda." Ka sa ta a addu'a, Allah Ya ba mu aron rai mu gana.

Na sa hannu kafin wa'adin ya cika, Zainab ta karanta min kowane layi, ni kuma na tsayar da ita a duk inda ban gane ba har sai da ta fara tsaki. A wurin tambayar tsohon ciwo na sa ta rubuta gwiwar dama, na ce ta ƙara da ta hagu ma tana ɗan taɓa ni. Muwafaƙa ta fito shekaranjiya, kana wurin haɗa kaya, na bari sai ka sauka ka ji. An sa aikin bayan ƙaramar Salla. Zainab za ta kwana da ni a asibiti, Lami ta ce girkin gidan nata ne har in miƙe, Babanka kuma ya riga ya yi magana da mai gidan ƙasa za mu sauka ɗakinsu na baƙi saboda matakala. Ka ga ba a bar ni ni kaɗai ba.

Ranar aikin kada ka nemi izini, kana cikin gwaji. Ka yi sallar asuba ka yi min addu'a, ka tafi aikinka ka yi shi da kyau. Babanka zai kira ka da zarar na farfaɗo, kuma na ce masa ya kara min wayar a kunne ko da maganata ba ta fita sosai. In ka ji ina surutai marasa kan gado, allurar barci ce, kada ka tsorata, kada kuma ka riƙe su ka riƙa tsokanata da su.

Ka kula da salla a kan lokaci. Ka ci abinci mai kyau, kada ka rayu a kan burodi da shayi don ba mai sa maka ido. Ka nemi Hausawan da ke can ka riƙa gaishe su, harshenka zai daɗa zama. Ka kira Babanka ko ba ka da abin faɗa, ba zai taɓa cewa yana kewarka ba, amma tun da ka fara haɗa kaya yake shiga ɗakinka yana fitowa ba abin da ya ɗauko.

Abu ɗaya nake roƙo a wurinka. Likita ya ce in na dage da gashi, kafin hutunka na farko zan iya doguwar tafiya. Tun da ciwon ya fito fili, duk ɗawafin da na yi a kan keken marasa lafiya na yi shi, a benen sama, ana tura ni, ina hango Ka'aba daga nesa. In ka zo, ka kai ni Harami. Za mu sauka ƙasa cikin mutane, in riƙe kafaɗarka, mu zaga da ƙafafuna. Ba sauri za mu yi ba, in na gaji mu tsaya. A nan zan yi maka addu'ar da ta fi wadda takarda za ta iya ɗauka.

Allah Ya yi maka albarka, Auta. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe, Ya ba ka lafiya mai amfani da arziki na halal, Ya dawo min da kai cikin aminci. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe wa uwarka.

Wassalamu alaikum.

Ummanka,
Balaraba